Cinikin Gidaje Da Filaye A Kano: Abin Da Ya Kamata Mai Saye Da Mai Sayarwa Su Sani

A cikin 'yan shekarun nan babu maganar da ta fi damun ƙananan ma'aikata, watau akawuna da malaman makaranta, kamar maganar muhalli. Duk inda biyu ko uku suka haɗu, ko a ofis ko a inuwar makaranta, da wuya su watse ba su taɓo zancen kuɗin haya ba, ko tsadar fili, ko labarin wani da ya kai gininsa linta ya tsaya. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, gama a wurin Bahaushe magidanci bai cika magidanci ba sai ya mallaki inda zai ajiye iyalinsa, kuma kowane ma'aikaci ya san ranar ajiye aiki tana nan tafe, ranar da albashi zai tsaya amma mai gidan haya ba zai daina zuwa ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu ɗauki birnin Kano, wanda shi ne babbar kasuwar gidaje da filaye a ƙasar Hausa, mu duba yadda cinikin ya ke tafiya, da abin da ya kawo shi ga wannan hali, da abin da ya kamata mutum ya kiyaye kafin ya miƙa kuɗinsa ko ya karɓi na wani. Abin da za mu faɗa game da Kano zai amfani mutanen Kaduna da Zariya da Katsina da Sakkwato, domin doka ɗaya ce, tsadar kayan gini ma ɗaya ce.

YADDA BIRNIN YA BUNƘASA

Kafin zuwan Turawa a shekarar 1903, Kano tana cikin ganuwarta, har ma da gonaki da makiyaya a cikin badala. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911 sai ciniki ya koma wajen gabas, aka kafa Sabon Gari, Fagge ta cika da baƙi, aka keɓe Nasarawa da Bompai domin Turawan mulki da na kamfani. A ƙidayar 1952 mutanen Kano wajen 130,000 ne, a ta 1963 kuwa sun kusa 300,000. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka zama birnin, watau Birni da Kewaye, da Fagge, da Dala, da Gwale, da Tarauni, da Nasarawa, da Ungogo, da Kumbotso, an sami mutum fiye da miliyan 2.8 a cikinsu, kuma ba a sake ƙidaya ba tun daga sa'an nan.

Hukuma ba ta kasance tana barci ba. An yi wa birnin tsari na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda wani Bature mai suna Trevallion ya shirya. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 an yanka unguwanni, an kuma gina rukunin gidaje irin su Kundila, sa'an nan a zamanin Shugaba Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, aka yi gidaje masu sauƙin kuɗi waɗanda har yanzu a ke kira da sunansa. Amma haihuwa da ƙaura sun fi ƙarfin tsarin. Bugu da ƙari, tun daga 2009 fitinar Boko Haram ta koro mutane daga Barno da Yobe, daga baya kuma ta'adin 'yan bindiga ya koro wasu daga Zamfara da Katsina, kowa kuwa da buƙatar ɗaki. Gonakin gero da dawa na Ɗorayi da Sheka da Rijiyar Zaki da Kurna da Bachirawa da Mariri duk sun zama unguwanni. To, ƙasa ba ta ƙaruwa, mutane suna ƙaruwa. Wannan shi ne tushen tsadar.

WANE NE MAI ƘASA?

Mutane da yawa suna cewa sun sayi fili, alhali kuwa a idon doka ba ƙasar suka saya ba. Tun 1910 Turawa suka yi doka cewa ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa. A aikace kuwa, talaka ta hannun En'e ya ke samun wurin gini, daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi har gaban Sarki. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta wannan doka a 1962. Sa'an nan a watan Maris na 1978 Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta game Nijeriya duka, kuma har yanzu ita ce ke aiki, don an dasa ta a cikin tsarin mulki.

Abin da dokar ta ce a taƙaice shi ne, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamnanta. Filayen birni shi ne ke ba da izinin zama a kansu, na karkara kuwa ƙaramar hukuma. Abin da mutum ke mallaka shi ne hakkin zama, galibi na shekara 99 in gidan zama ne, kuma shaidarsa ita ce takardar da a ke kira satifiket. Abu biyu ne a cikin dokar ya kamata kowa ya riƙe. Na farko, ba a sayar da wannan hakki, ko a jinginar da shi, sai da yardar Gwamna. Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan a 1989 a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, inda ta ce jinginar da aka yi ba da wannan yarda ba ɓatacciya ce. Na biyu, Gwamna yana da ikon ƙwace fili domin amfanin jama'a, kamar hanya ko asibiti, kuma diyyar da za a biya ta abin da aka gina ko aka shuka a kai ce, ba ta ƙasar kanta ba.

AWON GWAMNATI DA AWON IGIYA

A Kano filaye iri biyu ne. Akwai awon gwamnati, wanda safiyo ya auna, aka kafa masa duwatsu, aka fitar da hanyoyi da wurin makaranta da masallaci da maƙabarta, kuma kowane fuloti yana da lamba a ofishin ƙasa. Akwai kuma awon igiya, watau gonar da mai ita ko ɗan kasuwan da ya saye ta ya yayyanka da kansa, ya sayar a gaban mai unguwa da shaidu. Gwamnatocin Kano sun sha hana awon igiya, amma a kansa mafi yawan talakawa suka yi gini, domin shi ne abin da aljihunsu ya iya.

Ba mu ce duk mai awon igiya mazambaci ne ba. Amma wanda ya yanka gona don riba ba ya son ko taku ɗaya ya tafi a banza, saboda haka sai ya matse hanya har mota ba ta iya shiga, bai bar magudanar ruwa ba, bai bar filin makaranta ba. Mu da mu ke harkar ilmi mun san sakamakon haka: unguwa ta cika da yara, a nemi inda za a kafa aji a rasa, sai a cusa su a makarantar da ta riga ta cika. In gobara ta tashi motar kashe wuta ba ta da hanya, in damina ta yi ƙarfi ruwa ya bi ɗakuna. Fili ɗaya kuma a kan sayar wa mutum biyu ko uku, gama babu babban littafin da za a duba. Sa'an nan banki ba ya karɓar takardar mai unguwa a matsayin jingina. Don haka ne awon gwamnati ya fi tsada nesa ba kusa ba, ko da filayen biyu suna kallon juna. Takardar da hanyar a ke saye.

Ko takardar gwamnati ma tana bukatar lura. A watan Yuni na 2023 sabuwar Gwamnatin Kano ta yi rusau a wurare da dama, har da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne aka sayar. Masu shagunan Filin Idi sun kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta yanke a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3. Ba namu ba ne mu ce wane ke da gaskiya. Darasin dai shi ne, filin da asalinsa na makaranta ne, ko masallaci, ko maƙabarta, ko jikin ganuwa, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, mai ƙaramin ƙarfi ya nisance shi kome kyan takardarsa, don wanda ya ba da ita yau ba shi ne zai zauna a kujerar gobe ba.

ABIN DA YA TA DA FARASHI

Bayan yawan jama'a, babban abin da ya ɗaga farashi shi ne faɗuwar darajar naira. A ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a watan Fabrairu na 2024. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a shekara.

Gini kuwa duk abin da ya ke ci yana da alaƙa da mai ko da dala. Yashi da tsakuwa tifa ce ke kawo su. Siminti daga nesa ya ke zuwa, daga Obajana ko Ashaka ko Sakkwato. Kwano da tayil da wayar lantarki da kayan famfo, ko dai daga waje a ke shigo da su, ko kuwa da kayan waje a ke ƙera su. Buhun simintin da a ke saye tsakanin naira 4,000 da 5,000 a 2023 ya haura 10,000 a watan Fabrairu na 2024. Magini da kafinta da lebura su ma dole su ƙara kuɗin aikinsu, don su ma a kasuwa ɗaya su ke awo da mu.

Bari mu auna albashi da mudun da ba ya ƙarya, watau buhun siminti. A 2019 mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, buhu kuwa wajen 2,600, watau albashin wata yana sayen buhu 11. A 2024 aka mai da shi naira 70,000, Kano ta sa 71,000. In buhu yana 10,000, buhu 7 ke nan. Albashi ya ninka har ya yi ɗori, amma ginin da zai iya yi ya ragu. Wannan ɗan lissafi ya isa ya bayyana dalilin kangayen da mu ke gani a bayan gari, an kai linta ko an ɗora katako, ciyawa ta fito a ciki.

Akwai kuma dalili na uku. Da masu kuɗi suka ga naira tana narkewa a banki, sai suka mai da fili asusu. Su kan saye su kewaye, ba don su gina ba, sai don su ajiye dukiyarsu. Watau malamin da ke neman inda zai kwana yana takara da attajirin da ke neman inda zai ɓoye kuɗi.

INDA KASUWA TA NUFA

Wanda ya lura zai ga abubuwa guda biyar. Na ɗaya, birni yana bin manyan hanyoyi yana fita: hanyar Gwarzo, inda sabon matsugunin Jami'ar Bayero ya ja mutane zuwa Ɗanbare da Langel, hanyar Zariya, hanyar Maiduguri ta Mariri, hanyar Katsina wajen kasuwar hatsi ta Dawanau, da hanyar Panshekara, inda aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a watan Janairu na 2023. Duk inda aka ji labarin kwalta ko tasha, farashi kan riga aikin isa. Haka aka gani da aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi a 2021.

Na biyu, fuloti yana ƙanƙancewa. A da ƙafa 100 da 100 ko 50 da 100 a ke magana, yanzu kuwa 50 da 50 ne abin nema, har da rabinsa. Na uku, gidajen da ke bakin manyan tituna, kamar titin gidan namun daji, suna komawa shaguna da benaye na kasuwanci, manyan filayen Nasarawa kuma a na rarraba su a gina gidaje da yawa a inda ɗaya ya ke. Na huɗu, kamfanoni sun fito suna sayen gonaki su kewaye, su sayar da fuloti a biya kaɗan kaɗan. A cikinsu akwai na ƙwarai, akwai kuma masu sayar da hoto.

Na biyar, kuma shi ne wanda masu sayarwa ba su cika son ji ba, tsadar gida ba ita ce saurin sayuwarsa ba. Ƙaramin fili da ƙaramin gida mai ɗaki biyu ko uku su ne ke tafiya da wuri, babban gida kuwa ya kan daɗe a hannun dillalai. Biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, waɗanda Gwamnatin Kano ta gina tsakanin 2011 da 2015, gidaje ne masu kyau da hanyoyi, amma da yawa daga cikinsu sun daɗe babu kowa a ciki, gama kuɗinsu ya fi ƙarfin masu bukatar muhalli. Waɗanda suka kasa saye sai su koma haya, shi ya sa kuɗin haya ke ta hawa, har masu gida suna neman kuɗin shekara a dunƙule daga mutumin da a ke biya wata wata.

RANCEN GINA GIDA

Akwai hanyar da Gwamnatin Tarayya ta tanada wadda ma'aikata da yawa ba su san ta ba, ko da ya ke a na yankar albashin wasunsu dominta. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda ma'aikaci ke zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa a ciki kowane wata. Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ne ke riƙe da shi. Asalin wannan banki kuwa wata ƙungiyar gine-gine ce da aka kafa a 1956, aka mai da ita banki a 1977. Mai zubi yana iya neman rance da ruwan kashi 6 cikin ɗari a shekara, ya biya har cikin shekara 30, da sharaɗin abin da zai riƙa biya kada ya wuce sulusin abin da ya ke samu.

Ga misali. Wanda ya ranci naira miliyan 5 a kan waɗannan sharuɗɗa zai riƙa biyan wajen naira 30,000 a wata, watau sai albashinsa ya kai 90,000 kafin a saurare shi. In kuwa bankin kasuwa ya je, aka ba shi da ruwan kashi 25, to, ruwan kaɗai ya haura naira 100,000 a wata, uwar kuɗi tana nan ba a taɓa ta ba. Ga shi kuma dole a kawo satifiket, wanda mai awon igiya ba shi da shi.

Musulmi da yawa suna gudun wannan hanya saboda riba. Ga irinsu akwai bankunan da ba su ta'ammali da ruwa, na farkonsu shi ne Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 da reshe a Kano. Irin waɗannan su kan sayi gidan su sayar wa mutum da ribar da aka sani tun farko, ko su ba shi haya har ya mallaka. Har wa yau, tun 2022 Hukumar Fansho ta Ƙasa ta yarda wanda ke da asusun fansho a ƙarƙashinta ya ciri har kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara, ya biya kason farko na lamunin gida. Amma mafi yawan malamai da akawuna da suka yi gida, da adashi da ƙungiyar gama kai suka yi shi, bulo ɗari yau, kwano bandir ɗaya gobe. Sannu ba ta hana zuwa.

GA MAI SAYE

Abu na farko, zuwa da kai ya fi aike. Kada mutum ya sayi fili a waya ko a hoto. Ya je ya taka shi, ya auna da kansa, ya ga duwatsun iyaka, ya gaisa da maƙwabta ya tambaye su wane ne mai wurin. In da hali ya je da damina, gama filin da ya ke fes da rani yana iya zama tafki a watan Agusta. Kududdufan Kano da yawa an cike su da shara an yi gini a kai, ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na biyu, in fili yana da satifiket, a kai lambarsa ofishin KANGIS, wanda ke riƙe da bayanan filayen jihar, a bincika ko sunan da ke jiki shi ne na mai sayarwa, ko an jinginar da shi, ko a na bin sa kuɗin ƙasa. A ƙarshen 2024 Gwamnatin Kano ta kira masu tsofaffin takardu su sabunta su, saboda haka a tambaya ko an sabunta. Kafin a haƙa harsashi kuma a nemi izinin gini daga hukumar tsara birni, watau KNUPDA.

Na uku, a yi hattara da gidan gado. Rigimar gidaje da yawa da ke gaban alƙalai daga nan ta ke tasowa: babban wa ya sayar, ƙannensa mata ba su sani ba, ko wani magaji yana tafiya. A nemi takardar rabon gado ta kotu, kowane magaji ya sa hannu, mace da namiji, marayu kuma ta hannun waliyyinsu da sanin alƙali. A tuna kuma da hakkin shuf'a: in ɗaya daga cikin masu tarayya ya sayar da kasonsa a gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa yana da ikon ya biya kuɗin ya karɓe shi daga hannun baƙo.

Na huɗu, a rubuta ciniki. A sa sunaye, da iyakoki huɗu, da girman fili, da kuɗin da aka biya da wanda ya rage, da shaidu na kowane ɓangare, a biya ta banki don a sami shaida. Kuɗin lauya ba asara ba ne. Rigakafi ya fi magani. A kuma yanke la'adar dillali tun kafin a sallama, kada ta zama abin faɗa daga baya.

Na biyar, a lissafa zaman, ba sayen kaɗai ba. Fili mai araha a bayan gari yana iya cinye rarar a kuɗin mota, da kuɗin 'yan garuwa, da rashin wuta, da nisan makarantar yara. Malamin da zai hau abin hawa biyu kafin ya isa aji, ya haɗa kuɗin shekara ya gwada da hayar da ya ke biya yanzu. Masu zaman haya kuma su sani cewa sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a watan Janairu na 2026 ta ba da rangwame a kan kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar shekara, iyakarsa naira 500,000, saboda haka a riƙa karɓar rasit a ajiye.

GA MAI SAYARWA

Mai sayarwa kada yawan lambobi ya ruɗe shi. A ce mutum ya sayi fili naira miliyan 1 sa'ad da buhun siminti ya ke 4,000, watau kuɗin buhu 250. Ya sayar miliyan 2 sa'ad da buhu ya kai 10,000, watau buhu 200. A baki ya ci riba ninki, a gaskiya kuwa ya yi asarar buhu 50. Don haka wanda zai sayar da gidansa domin ya sayi wani, ya fara samun wanda zai saya, ya san kuɗinsa, ya haɗa cinikin biyu kusa da juna. Wanda ya sayar ya riƙe kuɗi wata shida yana neman wuri, zai tarar kasuwa ta wuce shi. Mun fi jin tsoron wannan ga masu ajiye aiki, waɗanda a kan zuga su sayar da gida su shiga kasuwancin da ba su sani ba, a wayi gari babu gida babu jari.

Ya kamata kuma ya gyara takardunsa kafin ya kai kasuwa, ya biya kuɗin ƙasa da a ke bin sa, don gida mai cikakkiyar takarda ya fi daraja, ya kuma fi saurin samun mai saye. Kada ya baza gidan a hannun dillalai goma, kowa ya ɗora nasa, har masu saye su ji farashi iri iri su yi zaton akwai lauje cikin naɗi. Ɗaya ko biyu amintattu sun isa. Kada ya miƙa takardar asali sai kuɗi sun cika. In akwai 'yan haya a ciki, a ba su wa'adi bisa doka da mutunci. In kuma akwai aibi, ko tsagewar bango, ko rigimar iyaka, ko ruwa yana kwanciya, ya faɗa. Ɓoye aibi haramun ne a shari'a, yana kuma iya warware ciniki bayan an cinye kuɗin.

ABIN DA YA RAGE GA HUKUMA DA MU

Muddin yankan filayen gwamnati bai kai yawan masu bukata ba, awon igiya ba zai mutu ba, ko sau nawa aka hana shi. Muna fata hukuma za ta riƙa riga masu igiya isa gonakin da ke bakin gari, ta fitar da hanya da magudana da filin makaranta, ta yanka ƙananan fulotai daidai ƙarfin ma'aikaci, ta kuma sauƙaƙa kuɗi da lokacin samun satifiket. Haka nan ya kamata makarantun koyon sana'a su mai da hankali ga gyara ginin ƙasa, gama tubalin da aka matse da inji aka ɗan sa masa siminti yana da ƙarfi, ya fi bulo sanyi, ƙasar kuwa tamu ce ba sai an sayo ta da dala ba.

Ku kuma akawuna da malamai, ku ne a ke kawo wa takarda a unguwa a ce ku karanta, ku ne a ke kira ku rubuta yarjejeniya ko ku zama shaida. Kada ku sa hannu a kan abin da ba ku gani ba, kada kuma kunya ta hana ku gaya wa tsoho ko gwauruwa cewa takardar da aka ba su ba ta da ƙarfi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba kowa muhalli na halal, ya sa albarka a cikinsa.